Alƙalami Mai Rigar Azurfa: Nauyi Ake Saye Ko Aiki?

Kwanakin baya wani abokin aikina ya shigo ofishina ya tarar da ni ina sa hannu a kan takardun sakamakon jarrabawa da wani tsohon alƙalami mai shan tawada, wanda na daɗe ina ajiye da shi. Baƙi ne wuluk, amma an sa masa rigar azurfa tun daga marfi har gindi, an ɓuɓɓula rigar da zanen ganye da furanni, ta yadda baƙin jikinsa yake leƙowa ta cikin kafofin. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya ɗora a tafin hannu yana jinjinawa, sannan ya ce, "Dakta, yanzu wannan in aka narkar da shi nawa zai kawo?" Na ce masa azurfar da ke jikinsa 'yan giram ne kaɗan, ba za ta kai ko kusa da abin da na biya ba. Ya yi dariya ya ajiye, ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni ma na taya shi dariyar, amma tambayar ta zauna mini a rai, domin ba shi ne farkon wanda ya yi mini ita ba, kuma na lura yawancin masu yi mini ita mutane ne masu ilimi mai zurfi, waɗanda ba za su taɓa ɗora littafi a kan sikeli su ce nauyin takardarsa ne darajarsa ba.

A nawa ganin, wannan tambaya ta "in aka narkar nawa zai kawo" ita ce ta cinye mafi yawan aikin hannun da maƙeran azurfa suka bari a duniya. Mutanen nan kuwa da ake yi wa kallon marasa aikin yi saboda suna tara tsofaffin alƙaluma, da duk irin aibinsu da zan zo kansa, su ne suka tsaya tsakanin wannan aiki da tukunyar narki. Abin da nake so in kare ke nan a wannan shafi, ko da yake na san a lokacin da malamin jami'a yake lissafin kuɗin mai da na makarantar yara, magana a kan alƙalamin azurfa za ta yi wa wasu kama da zolaya.

Bari mu fara da asalin abin. Tunanin alƙalamin da zai ɗauki tawadarsa a cikinsa, ba sai an riƙa tsoma shi a kurtu ba, tsoho ne ƙwarai. Alƙali Nu'umanu ya ruwaito cewa Halifan Faɗimawa Al-Mu'izzu, a ƙarni na 10, ya nemi a yi masa irin wannan alƙalami wanda ba zai ɓata hannu ko tufafi ba, aka kuma ƙera masa da zinariya. Amma matsalar da ta hana abin yaɗuwa ƙarnuka da yawa ita ce, tawada ba ta fita daga rufaffen bututu sai iska ta shiga ta maye gurbinta. In iskar ta shiga da yawa tawada ta kwarara ta ɓata takarda, in ba ta shiga ba alƙalami ya ƙi rubutu. Wani Ba'amurke mai suna Lewis Edson Waterman ne a birnin Niyok ya sami rajistar mallakar wata dabara a 1884, inda aka yi 'yar magudana a ƙarƙashin bakin alƙalamin, aka tsattsaga siraran hanyoyi a cikinta, tawada na bi ta tsagar tana gangarowa, iska kuma na bi ta sama tana shiga. Ba shi kaɗai ne ya yi aiki a kan wannan matsala ba, amma kamfaninsa ne ya fi cin kasuwar. A 1888 George Parker ya fara nasa a garin Janesville na jihar Wisconsin, sannan a 1908 Walter Sheaffer ya yi rajistar ɗan hannun nan da ake ɗagawa a gefen alƙalami ya matse jakar roba da ke ciki, in an sake shi ta zuƙo tawada.

Abin lura shi ne, duk waɗannan alƙaluma na farko da baƙar roba mai tauri ake yin su, wadda ake samu in an dafa roba da farar wuta mai yawa. Tana da kyau ga aiki, domin tawadar wancan zamani mai cin ƙarfe ba ta cin ta, amma ba ta da ado; in ba baƙa ba, sai ja, sai gaurayen biyun. To mai kuɗin da yake so ya ba ɗansa kyautar gama makaranta, ko ma'aikatan da suke so su karrama shugabansu da zai yi ritaya, ba za su miƙa baƙin sanda kawai ba. Daga nan rigar azurfa ta samo asali. Ba a yin alƙalamin da azurfa zalla; robar tana nan a ciki tana riƙe da tawada, sai a ɗinka mata siririn bututun azurfa a sa mata daga waje, kamar yadda ake sa wa takobi kube. Kamfanonin alƙalami da dama ma ba su suke ƙera rigar ba, maƙera suke ba kwangila, kuma sanannen cikinsu shi ne kamfanin George W. Heath, wanda ya yi wa manyan kamfanoni fiye da ɗaya aiki, shi ya sa wani lokaci za ka ga zane iri ɗaya a jikin alƙaluman kamfanonin da suke gasa da juna.

Yadda ake yin rigar ya kasu. Akwai wadda ake ɓulawa, a yanke wasu wurare a cire, a bar zanen reshe da ganye, irin tawa. Turawa suna kiran wannan "filigiri", kuma a matsayina na ɗalibin harshe ba zan wuce ban ce sunan kuskure ne ba, domin filigiri na ainihi da siraran wayoyin azurfa ake murɗa shi a liƙe, wannan kuwa falle ne aka huda. Amma sunan ya bi shi tun daga tallace-tallacen kamfanonin, kuma kuskuren da ya shekara ɗari a bakin jama'a ya zama kalma. Akwai wadda ake bugowa daga ciki har fure ya kumburo waje, sannan a bi shi ta waje da ƙananan ƙarafa da guduma ana fitar da jijiyoyin ganyen. Akwai wadda ake zana wa zane da tsinin ƙarfe a hannu, layi bayan layi, kamar samfurin kurangar inabi na Waterman. Akwai kuma wadda inji ne yake jan layukan a jere ba kuskure. A farkon shekarun 1900 har akwai wadda ake tsoma robar a ruwan sinadari a sa lantarki ya ɗora mata azurfa zalla, sannan a yanke zanen da hannu, irin waɗannan za ka ga an buga musu 999. Gaskiyar da wasu 'yan kasuwa ba sa so a faɗa ita ce, ba duk rigar da aka ce aikin hannu ce hannu ya yi ta daga farko har ƙarshe ba. Da yawa inji ne ya buga su, hannu ya gyara. Rabin ilimin mai tarawa shi ne ya iya rarrabe wannan da wancan.

Abin da ya ja ni cikin wannan harka, lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila, ba ƙyallin azurfar ba ne, rubutun da ke jikinta ne. A gindin alƙalamina an buga lamba 452. Wanda bai sani ba zai ɗauka lambar jeri ce, alhali jimla ce mai kalmomi uku. A tsarin da kamfanin Waterman ya daidaita wajen 1917, 4 na nufin rigar azurfa a marfi da gangar jiki duka, 5 na nufin mai ɗan hannun zuƙo tawada ne, 2 kuma girman bakinsa. Da 552 ne, rigar zinariya ce tsantsa. Da an sa sifiri a gaba, wato 0552, to zinariyar falle ce aka liƙa a kan wani ƙarfe. Ka ga kuwa sifiri guda a nan ya raba dukiya da kwaikwayonta. Wannan nahawu ne sosai, kowace lamba da gurbinta da aikinta, in ka sauya mata wuri ma'ana ta sauya.

Na Ingila sun fi haka zurfi. Tun a shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa dokar cewa ba za a sayar da kayan azurfa ba sai an gwada su an buga musu tambari, kuma har yau ana bin tsarin a ƙarƙashin dokar 1973. Azurfar da suke kira "sitalin" ita ce wadda a cikin kashi 1000, kashi 925 azurfa ce, sauran 75 yawanci jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi ƙarfi. In ka sa gilashin ƙara girma a gefen rigar da aka ƙera a can, za ka ga 'yan tambura a jere, kowanne bai kai ƙwayar gero ba: zaki mai tafiya, shaidar cewa azurfar ta cika; kan damisa in a Landan aka gwada, ko ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa in a Birmingham ne, garin da ofishin gwajinsa ya fara aiki a 1773 kuma ba shi da teku ko kusa; sai harafi guda da yake nuna shekara, wanda siffarsa da ta garkuwar da ke kewaye da shi suke canjawa duk zagaye don kada a rikita shekaru; sai kuma haruffan sunan wanda ya kai kayan gwaji ya ɗauki alhakinsu. Alƙaluman Waterman da aka sayar a Ingila sukan zo da haruffan F.D.W., wato Frank D. Waterman, ɗan ɗan'uwan mai kamfanin, wanda ya gaje shi bayan rasuwarsa a 1901. Amurka ba ta da irin wannan ofishi na tilas, kalmar sitalin kawai mai ƙira yake bugawa, don haka sanin shekarar alƙalamin Amurka sai an koma ga tsofaffin kundayen talla da rajistar mallaka. Mai karatu ya dubi wannan da kyau: abu bai kai tsawon tafin hannu ba, amma yana ɗauke da garinsa, da shekararsa, da ingancinsa, da sunan wanda za a kama in ƙarya ce.

Zamanin rigar azurfa bai yi tsawo ba. A 1921 Parker ya fito da Duofold, ƙaton alƙalami ja, a 1924 kuma Sheaffer ya fara amfani da wani nau'in roba mai launuka, kore da sauransu, mai ƙyalli kamar dutse mai daraja. Da launi ya samu a jikin alƙalamin kansa, sai buƙatar riga ta ragu. Sannan babban bugu ya zo daga wani ɗan jarida ɗan ƙasar Hangare, Laszlo Biro, wanda ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki a 1938, ya kuma ci gaba da aikin a Ajantina. Sunan wannan bawan Allah ne muke kira kullum in mun ce "ba ni aron biro", kamar yadda kalmar "alƙalami" kanta muka aro daga Larabci, masana kuma suke danganta ta Larabcin da kalmar Girkanci mai nufin kara. A watan Oktoba na 1945 wani kanti a Niyok ya sayar da irin wannan alƙalami mai ƙwallo a kan dala 12.50 mutane suna turereniya; a 1950 Bic ya fito a Faransa, farashi ya faɗi warwas. Tsofaffin alƙaluma suka koma cikin aljihun tebur, jakar robar cikinsu ta bushe ta farfashe, azurfarsu ta yi baƙi, domin farar wutar da ke cikin robar da take lulluɓe da ita tana sa ta dusashe.

A nan ne tambayar abokina take shigowa. A farkon 1979 farashin oza guda na azurfa yana wajen dala 6. Wasu attajirai 'yan gida ɗaya daga jihar Texas, 'yan gidan Hunt, suka dinga saye suna tarawa, kafin watan Janairu na 1980 farashi ya kusa dala 50, zinariya ma ta yi tashin da ba a taɓa gani ba. Mutane a Landan da Niyok suka yi layi a ƙofar masu saye, ɗauke da cokula da butoci da kayan gadon kakanninsu, ana ɗorawa a sikeli ana biya ana zubawa a tukunya. Alƙaluma ba su tsira ba: a fizge bakin zinariya, a yage rigar azurfa, a jefar da robar. A ƙarshen Maris na wannan shekara farashin ya rushe, amma abin da aka narkar ya narku. An sake ganin irin wannan tashi a Afrilun 2011, a Oktoban 2025 kuma farashin ya haura dala 50. Duk lokacin da haka ta faru, abu guda ne yake hana a narkar da aikin maƙeri, wato a sami wani wanda zai biya fiye da nauyinsa. Wannan wani ɗin shi ne mai tarawa. Kuɗin da abokina yake gani na yi asara, wato bambancin da ke tsakanin farashin giram da abin da na biya, shi ne ladan maƙerin da ya mutu, kuma ranar da aka rasa mai biyan wannan bambanci ranar aikinsa zai koma dunƙule.

Ba kuɗi kaɗai suka sa ba. A 1980 ɗin nan aka kafa ƙungiyar masu nazarin kayan rubutu a Ingila, a Amurka ma akwai takwararta, suna fitar da mujallu, suna taruka, suna tattara tsofaffin kundayen kamfanoni da kamfanonin da kansu suka zubar. Littattafai irin na Andreas Lambrou na 1995 a kan alƙaluman duniya daga wannan ƙoƙari suka fito. Misali guda ya isa ya nuna ingancin aikinsu. Shekara da shekaru ana ba da labarin cewa Waterman dillalin inshora ne wanda alƙalami ya zubar masa da tawada a kan takardar wata babbar yarjejeniya, ciniki ya kuɓuce masa, haushi ya sa ya ƙirƙiro nasa. Labari ne mai daɗi, ya shiga littattafai da jaridu. Masu tara alƙalami ne, ba malaman jami'a ba, suka bi tsofaffin takardu suka nuna cewa babu wata shaida a kansa daga zamanin mutumin, bayan rasuwarsa ne labarin ya ɓulla a bakin masu talla. Mu da muke koyar da hanyoyin bincike muna karɓar albashi a kai, ya kamata wannan ya ɗan sa mu sunkuyar da kai.

Sai dai kuma ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba, harkar tana da nata datti. Inda duk aka ce abu ya yi tsada, ɗan damfara ya iso. Shahararren alƙalamin nan na Parker mai lamba 37, wanda aka naɗe da siffar maciji na azurfa mai korayen idanu tun farkon ƙarni na 20, yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Akwai kuma abin da masu sana'ar suke kira aure, wato a ɗauko marfin wannan a haɗa da jikin wancan a sayar a matsayin abu guda. Ni kaina an taɓa ɗaura mini irin wannan aure a wata kasuwar tsofaffin kaya, ina ɗalibi, na ga araha na yi wuf na biya, sai da na koma ɗaki na sa gilashi na ga zanen marfi da na jiki ba su ma haɗu ba. Araha dai ba ta ado. Wata ɓarnar kuma da hannuna na yi ta: na jiƙa wani a ruwan ɗumi ya kwana don in wanke busasshiyar tawada, da safe na tarar baƙar robar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, kuma ba ta dawowa. Haka masu goge azurfa da ƙarfi don ta yi ƙyalli, kowace guga tana tafiya da wani abu na zanen. Amma wanda ya fi ɓata mini rai shi ne masu kankare suna. Yawancin rigunan nan akan bar musu ɗan fili a gefe inda mai shi zai sa a zana sunansa; nawa yana da haruffa uku da shekarar 1923. Saboda wasu masu saye sun fi son wanda ba suna, sai ɗan kasuwa ya sa magagari ya share. Wannan daidai yake da yage shafin farko na littafi don a sayar da shi a matsayin sabo.

Akwai kuma ɓangaren da ba na karewa ko kaɗan, wato na alƙaluman zamani da ake yi ƙayyadaddu, a buga musu lamba, a sa su a akwatin katako, a sayar wa wanda ba zai taɓa sa musu tawada ba. Akan ce Parker ne ya buɗe wannan ƙofa a 1965, lokacin da ya ƙera wasu alƙaluma ƙasa da 5,000 da azurfar da aka tsamo daga jiragen ruwan Sifen da suka nitse a gaɓar Florida a 1715. Dubi abin mamaki: azurfar da ta shekara 250 a ƙarƙashin teku aka narkar don a yi abin tarawa, wato narkin da muke kuka da shi ne aka juya aka sayar mana. Ban ce duk na zamani haka suke ba. Kamfanin Yard-O-Led na Birmingham an san shi da buga zane a jikin azurfa da guduma a hannu, haka samfurin Toledo na kamfanin Pelikan na Jamus, wanda asalinsa ya koma 1931, da hannu ake zana shi. Wanda ya sayi irin waɗannan yana ciyar da maƙeri mai rai. Amma wanda ya sayi lamba don ya kulle a sanduƙi yana jiran ta yi tsada, shi da mai sikeli duk tafiyarsu ɗaya, kowannensu tambayarsa nawa zai kawo.

Na san akwai mai karatun da tun sakin layi na farko yake jira in zo kan hukunci, kuma yana da gaskiya. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san an yi sauƙi a kan azurfa a zobe da takobi da Mus'hafi, ba a yi a kan linzami da sirdi da wuƙa da makamantansu ba, kuma alƙalami ba ya cikin ukun farko. Mafi yawan malamai sun faɗaɗa hanin ci da sha a ƙoren zinariya da azurfa zuwa sauran amfani. A Muhtasar na Halilu an kawo zance biyu a kan abin da aka shafa wa ruwansu kawai. Wasu kuma, irin su Shaukani, suna ganin hanin ya tsaya a kan ci da sha. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ba kuma zan mai da shafin jarida wurin fatawa ba. Zan dai faɗi gaskiya cewa ni kaina ban rabu da wasu-wasi a kan rubutu da shi ba, shi ya sa guda uku kacal nake da su masu riga, kuma na daɗe ban ƙara ba. Kowa ya tambayi malaminsa. Abin da nake roƙo kawai shi ne, wanda ya gaji irin wannan ya ga ba zai riƙe ba, ya nemi gidan tarihi ko wanda ya san darajarsa, kada ya kai wa mai tukunya.

Dalilin da ya sa na ga maganar ta shafe mu, ba ta Turawa kaɗai ba ce, wani abu ne da ya faru da ni a cikin birnin Kano. Na kai gyaran awarwaron maiɗakina wurin wani dattijo maƙerin fari, wato masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda Bahaushe ya bambanta da maƙeran baƙi masu garma da lauje. Yana aiki ya hango alƙalamin a aljihuna ya ce in ba shi ya gani. Ya gyara tabarau, ya bi zanen da farcensa a hankali, bai jinjina shi ko sau ɗaya ba. Can ya ce, "Malam, nan inji ne ya buga. Nan kuwa hannu ne, ka ga inda ƙarfen ya ɗan goce masa ya dawo." Abin da na shekara ina koyo da gilashi da littattafai, ya gano shi kafin shayinsa ya huce. Sannan ya tambaye ni sunan maƙerin. Na ce, "Baba, sunan kamfani ne kawai a jiki, shi wanda ya riƙe gudumar ba a rubuta shi ba." Ya yi shiru, ya ce, "Ashe su ma haka suke yi."

Ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin benci ya buɗe mini. Tsofaffin mundaye ne da zobba da awarwaro, waɗanda magada suka kawo aka saya bisa nauyi, suna jiran wuta. Ya ce wasunsu da liyari aka yi su, kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wanda duk shekarar da aka buga shi 1780 ake rubutawa, kuma ya daɗe yana ratso Sahara yana ƙarewa a tukunyar maƙeranmu. Ita kalmar "azurfa" ma ta wannan hanya ta zo mana, daga harshen Buzaye. Ya ɗauko wani munduwa ya ce wannan aikin mahaifinsa ne, ya gane shi ta yadda aka murɗa bakinsa. Babu tambari, babu harafi, babu shekara. Shi kaɗai ne ya rage a duniya da zai iya karanta wannan munduwa, kuma ya haura saba'in. Na tambaye shi ko ya taɓa tunanin buga wata alama a kan abin da yake ƙerawa, ya ce, "Wa zai tambaya?"

Philip Jaggar, masanin Hausa na Jami'ar Landan, ya wallafa littafi a kan maƙeran baƙi na birnin Kano a 1994. Sassanmu na harsunan Nijeriya suna yaye ɗaruruwan ɗalibai duk shekara, kowanne da kundin bincike, da yawansu a kan batutuwan da aka tattauna har suka gaji. Me zai hana a tura wasu su zauna a gindin maƙeran fari na Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, har Damagaram da Agadas, da na'urar ɗaukar magana da kyamara, su rubuta sunan kowane zane da kowane ƙarfen aiki, da wanda ya koya wa wane? Me zai hana ƙungiyoyin maƙeran su yarda a kan 'yar alama, ko harafin ajami guda ne, da kowane gida zai riƙa bugawa? Ba sai an jira doka irin ta Sarki Edward ba, tsinin ƙarfe guda da guduma sun isa. Su kuma masu hali a cikinmu, da suke sayen agogon miliyoyi a Dubai, da ɗaya cikin goma zai riƙa biyan aikin maƙerin garinsu fiye da nauyinsa, da gwangwanin nan bai cika ba.

Na tambayi dattijon nawa zai sayar mini da munduwan mahaifinsa. Ya ɗora shi a sikeli, ya faɗi kuɗin giram. Na ce na ji na azurfa, saura na aiki. Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe, kamar yana so ya gane ko ba'a nake yi masa, sannan ya ce shi bai san yadda ake lissafa wannan ba, in ba da abin da ya sauwaƙa. Na ba shi, na kuma roƙe shi ya faɗa mini sunan mahaifin nasa da na kakansa da sunan irin murɗin, na rubuta a 'yar takarda na ɗaura a jikin munduwan da zare. Sauran na cikin gwangwanin ya ce ranar Asabar zai hura musu wuta, domin akwai masu biki da suka ba da aikin zobba.